Kwaɗon Kandi da Hannun Yaya Rabe

Tun da na dawo daga Kandi ban huta da tambaya ba. A teburin mai shayi, a ƙofar masallaci, har a wajen ta'aziyya sai wani ya matso ya rage murya ya ce, "Hamisu, ya ƙasar Faransanci? Ina tsaraba?" Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, na kuma lura abin da kowa ke son ji shi ne yadda aka tsare Malam Isiya a ƙofa saboda babbar riga. To bari in rubuta shi dungurungum, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa. Amma ku sani tun yanzu, ni ban ji daɗin tafiyar nan ba. Gangar jikina ce ta je Kandi, hankalina kuwa yana nan Funtua, wajen hannun yayana.

Ni makanike ne a wani ƙaramin kamfanin gurzar auduga da ke bayan gari, ta hanyar Bakori. Mai kamfanin, Alhaji kawai muke ce masa. Yayana Rabe shi ke kan injin gurza tun ban san riƙon sifana ba. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu a Maska, shi ya kai ni koyon aiki, shi ya yi min aure. Mutumin da ya yi maka haka ba ka ɗaga ido ka kalle shi da magana, balle ka ce za ka koya masa sana'arsa.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin injin gurza ba, zartuna ne zagayayyu a jere, suna juyawa da gudun da ido ba ya ganin haƙoransu, suna fizgar auduga suna zubar da angurya. In audugar ta zo da danshi ko da kara sai ta cushe. Abin da ya kamata shi ne a kashe a zaro. Amma a wajenmu kashe inji da rana abin kunya ne. Ga motocin manoma daga Malumfashi da Musawa sun yi layi, ga Alhaji yana leƙe ta tagar ofis, wa zai yarda a ce shi ne raggon da ya tsayar da aiki? Gwani shi ne wanda zai zura hannu ya zaro cushewar inji yana gudu, kuma Yaya Rabe gwanin gwanaye ne. Saboda haka in ka ji injinmu ya yi shiru da rana, ɗayan biyu ne: ko man janareto ya ƙare, ko ya kama mutum.

Bara ya kusa kama shi. Ina tsaye a bayansa zarto ya cafki hannun kaftaninsa, ya yage shi har kafaɗa, ya bar masa yanka a damtse. Allah ne ya sa yadin ya tsufa, da sabo ne da wani labarin ake yi. Ya ɗaure wurin da ƙyalle, ya aika gida aka kawo wata riga, aka ci gaba da aiki. Kowa ya ce, "Allah ya kiyaye gaba," shi ke nan. Da yamma na daure na ce, "Yaya, da an riƙa kashewa kafin a sa hannu, wata rana abin nan..." Ban ƙarasa ba ya juyo.

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," ya ce. "Ni kake yi wa fatan tsiya?"

Haka muke. Wanda ya ambaci haɗari a wurin aiki shi ya kira shi, in kuma abin ya zo ya faru, bakinsa za a tuna. Daga ranar na ɗauki wata ɗabi'a: da na ji muryar inji ta sauya, alamar ya fara cushewa, sai in ɗauki gwangwanin giris in je kusa da makunnin wuta in yi kamar ina wani aiki, hannuna ɗaya a shirye. Ba wanda na gaya wa. Ma'aikata dai sun ce ni matsoraci ne, suka sa min suna Farar Kura, na karɓa.

To ana tsakiyar kaka, auduga na shigowa ba ƙaƙƙautawa, Alhaji ya kira ni ofis. Wai ya ji wani babban kamfani a Kandi, can Jamhuriyar Benin, zai sayar da tsohon injin gurza mai kyau, yana so in je in duba masa kafin ya sa kansa. Zai haɗa ni da Malam Isiya, mai sayo mana auduga a ƙauyuka, wanda ya ce ya san hanya kuma yana jin Faransanci.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba za a bari sai an gama kaka ba?"

"Kafin nan wani ya ɗauke. Ko tsoron hanya kake, Farar Kura?"

Ina tsoron hanya, ba ƙarya. Amma abin da ya tsaya min a wuya shi ne wa zai tsaya a makunni in ba na nan. Wannan kuwa ba maganar da zan iya faɗa ba ce. Na je sallama da Yaya Rabe, na tsaya ina ta kame-kame, daga ƙarshe abin da ya fito daga bakina shi ne, "Yaya, a riƙa naɗe hannun riga." Ya yi dariya ya ce in gaida jandarmomi.

Muka shiga motar Gusau da hantsi, don direbobi ba sa son sammako a wannan hanya sai jami'an tsaro sun fito. Duk wanda ya san tsakanin 'Yankara da Tsafe ya san yadda mota ke yin tsit. Wata tsohuwa a bayana ta riƙe carbi tana ja, mai sayar da atamfa da ke gefena, wanda tun daga tasha yake ba mu labarin siyasa, ya haɗiye maganarsa. A nan na lura da wani abu: ba wanda ya ambaci sunan abin da muke tsoro. Direba dai ya ce, "A yi ta addu'a, jama'a," ya taka mota. Da muka hango gidajen Gusau sai baki ya buɗe gaba ɗaya, mai atamfa ya ci gaba daga daidai inda ya tsaya. Na kira Yaya Rabe in ce mun wuce lafiya. Ba muryarsa nake saurare ba, ƙugin injin da ke bayansa nake bi, in ji ko yana tafiya sumul. Ya ce, "To madalla, aiki nake," ya kashe.

A Sakkwato muka kwana, a wani masauki kusa da tasha inda fanka ke juyi amma iska ba ta iso gado. Malam Isiya mutum ne mai son girma. Ya taho da babbar riga fara mai aiki a ƙirji, ya ninke ta a jaka daban, ya ce da ita zai shiga kamfanin Kandi don su san Najeriya ta aiko manya. Ya riƙa koya min gaisuwar Faransanci, ina maimaitawa ba tare da na ji abin da nake faɗa ba.

Washegari muka bi ta Jega muka yi kudu. Direbanmu Bakabe ne mai barkwanci, da ya ga ina ta duba waya sai ya ce, "Kai ɗan Katsina, mi kaka nema cikin wayag ga? Amarya ka bari gida?" Na ce yayana ne. Ya ce, "Yayanka jinjiri na?" Mota ta kwashe da dariya, ni ma na taya su. Mun haye kogin Kwara ta gada, mun ci soyayyen kifi a bakin hanya wanda har yau ban ci irinsa ba, ko da yake ƙaya ta maƙale wa Malam Isiya sai da aka nemo masa lomar tuwo ya haɗiye. Muka wuce Ka'oje, hanya ta lalace, muka isa Tsamiya bakin iyaka jikinmu duk ya mutu.

A iyaka ne Faransancin Malam Isiya ya fara ba mu kunya. Ɓangarenmu mun wuce ba wata matsala. Da muka isa wajen jandarman Benin, Malam Isiya ya gyara tsayuwa ya yi masa gaisuwar nan da ya koya min. Jandarma ya ji daɗi, ya sako masa magana kamar an buɗe famfo. Malam Isiya ya ce, "Wi," wato e. Jandarma ya ƙara wata, Malam Isiya ya sake cewa, "Wi." Ashe tambayarsa yake ko muna ɗauke da kayan sayarwa da ba mu nuna ba. Aka sauke jakunkunanmu aka zazzage a kan tebur, har babbar rigar. Sai da wani Bafulatani mai jiran a duba masa babur ya tausaya mana ya shiga tsakani da Hausa, sannan aka gane ba mu da komai sai tufafi da sifanu. Aka duba katinmu na allurar shawara, aka buga hatimi, aka ce mu tafi. Malam Isiya ya ce ai Faransancin wannan yankin ne ba mai kyau ba.

Muna barin iyaka kaɗan, sabis ya ɗauke daga wayata. Na ɗaga ta sama, na juya ta, na kashe na kunna, ba labari. Daga Segbana, garin farko da muka isa a ɓangarensu, zuwa Kandi, hanya gonakin auduga ne hagu da dama, ga manyan motoci an lafta musu ita har tana zuba. Malam Isiya yana ta santin kyanta, ni kuwa duk farin da na gani sai in tuna zarto.

A Kandi muka sauka a zango, gidan wani dattijo da ya ce kakansa daga Katsina ya zo fatauci ya zauna. Hausarsa ta sha ruwan yaren Dandi na yankin, amma karamcinsa na gida ne. Ya sa aka kawo mana sakwara da miyar gyaɗa, a ciki ga wani abu ja-ja mai taushi da suke kira wagashi, cukun madarar shanu ne da ake soyawa. Na ci na ƙara. Da safe kuma burodi ne dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri, wanda in ba ka tsoma a shayi ba sai ya yanke maka dasashi. Abin da ya fara ba ni mamaki a garin shi ne 'yan acaɓa. Da yawansu da hular kwano, kuma wanda ya ɗauke mu ya tsaya sai da Malam Isiya ya tattare rigarsa ya cusa tsakanin cinyoyi kafin ya tayar da babur. Malam Isiya ya ce rashin tarbiyya ne.

Ga labarin da kuke so. Mun isa ƙofar kamfani, Malam Isiya cikin babbar riga da hula zanna, yana baza ƙamshi. Aka kira wadda za ta zaga da mu, wata mata mai matsakaicin shekaru da ake kira Madam Salamatu, ita ce mai kula da tsaron lafiyar ma'aikata. Ta iya Hausar zango sosai. Ta gaishe mu da ladabi har da rusunawa, sannan ta dubi Malam Isiya daga sama har ƙasa.

"Alhaji, riga ya yi kyau," ta ce. "Amma ba ya shiga."

"Ni baƙo ne, Hajiya. Daga Najeriya. Ba aiki na zo yi ba."

"Inji bai san baƙo ba, Alhaji."

Ya ce a kira masa manaja. Aka kira manaja, wani dogon mutum mai furfura, sai ga shi ya fito cikin irin kayan da leburorinsa ke sawa, riga mai ɗamammen hannu, da takalmi mai ƙarfe a baki. Ya ba Malam Isiya haƙuri da hannu biyu, ya kuma nuna masa ɗakin canza kaya. Kayan da aka samu sun yi masa kaɗan. Haka wakilin Najeriya ya zaga kamfanin nan, tumbi a gaba, wando bai kai idon sawu ba, takunkumi a hanci. Na yi alkawari ba zan faɗa a gida ba, Allah ya yafe min.

Ni dariyata ba ta yi nisa ba. Muna cikin ɗakin gurza, injuna jere sun fi namu girma nesa ba kusa ba, sai na ji muryar ɗaya ta sauya. Kunnena ya san wannan sauti. Kafin in ankara ƙafafuna sun fara neman inda makunni yake. Sai ɗif, injin ya yi shiru. Na ce, "Innalillahi, wa ya kama?" Madam Salamatu ta dube ni da mamaki. Ba wanda ya kama. Mai injin ne ya kashe abinsa, ya ciro wani ɗan jan kwaɗo daga aljihu, ya datse makunnin da shi, ya jefa makullin a aljihu, ya jira zartuna suka tsaya cak, sannan ya buɗe ya zaro audugar da ta cushe. Manaja yana tsaye a wurin, ko agogo bai duba ba.

Ta ce kowane ma'aikaci da kwaɗonsa. In hannunka na cikin inji, makulli na aljihunka, ko mai kamfani bai isa ya kunna ba. Na ce to lokacin da ake ɓatawa fa? Ta ce sun gwada duka biyun, sun ga zaro auduga ya fi saurin zaro mutum.

Kashegari ta ce mu zo da wuri mu ga yadda suke fara aiki. Muka tarar ma'aikata sun yi da'ira a tsakar fili, manya da ƙanana. Bayan addu'a sai manajan nan mai furfura ya fara magana, tana fassara min. Wai jiya yana sauri ya tsallaka ta kan bel maimakon ya zagaya, ƙafar wandonsa ta goge shi, saura ƙiris. Ya faɗa a gaban masu shara, ba kunya. Bayansa wani ya ce tsani ya goce da shi, wani ya ce ya ga waya a zare kusa da tarin auduga. Wanda ya faɗa ba a yi masa tsawa, sai a tambayi wa zai gyara, wani ya ɗaga hannu.

Malam Isiya ya raɗa min, "A'uzubillahi. Mutanen nan da sassafe suke kiran tsautsayi da sunansa."

Ni ma jikina ya yi sanyi, don ban saba ba. Da aka watse na tambaye ta, "Madam, ku ba kwa tsoron mugun baki?"

Ta ce, "Mu ma Musulmi ne, Malam Hamisu, mu ma da haka muke. Takardun gargaɗi sun daɗe a manne a bangon nan, har rana ta cinye su, ba wanda ya canza. Kwaɗon ma an raba, mutane suka kai gida suka kulle akwati. Sai da babba ya fara yi da kansa, a gaban kowa, sannan yara suka samu baki. In babba bai yi ba, ka bar wahalar da kanka."

Wannan magana ta ƙara min nauyi maimakon ta rage. Babbanmu a ɗakin inji shi ne Yaya Rabe, ni kuwa na riga na san amsarsa.

Ranar da rana na roƙi mai masaukinmu ya ara min wayarsa. Na kira Yaya Rabe, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na sake, haka. Na kira Alhaji. Ya ɗauka, na kasa kunne bayan muryarsa, ofishinsa kuwa bango ɗaya ne da ɗakin gurza. Tsit. Ba ƙugi, ba komai.

"Alhaji, lafiya na ji shiru? Ina Yaya?"

"Mai ne ya ƙare, an tafi sayowa. Rabe na can gindin mangwaro yana cin rake. Kai, injin da na aike ka fa?"

Na zauna a kan dakalin gidan mutane na daɗe ban tashi ba. Dattijon ya kawo min ruwa, bai tambaye ni komai ba.

Injin dai na duba shi ciki da waje, mai kyau ne, kuma har yanzu Alhaji na kan ciniki. Kafin mu taho na roƙi Madam Salamatu ta ba ni jan kwaɗo ɗaya. Ta ba ni tana dariya, ta ce kada in kulle akwati da shi.

A hanyar dawowa ina ta juya shi a aljihu ina tunanin yadda zan miƙa wa Yaya. In na ce ga shi ka riƙa kullewa, na zage shi. In na bi ta wajen Alhaji, na kai ƙarar yayana. Muna tsakanin Tsafe da 'Yankara, mota ta yi tsit kamar yadda ta saba, ni kuwa addu'ata har ta fito fili. Da muka wuce Malam Isiya ya ce, "Kai dai Hamisu Allah ya yi ka da tsoro. Sa'arka ɗaya, kowa ya san halinka, ba mai jin haushinka." Ya faɗa ne don ya rama dariyar wando. Ni kuwa maganar ta zauna min, na yi ta tauna ta har Funtua.

Bayan la'asar na je gidan Yaya Rabe. Na same shi a zaure, hannuwansa biyu lafiya lau, sai da na ƙare musu kallo sannan na gaishe shi. Na ajiye masa burodin nan dogo da wagashi, sannan na fito da kwaɗon. Ya ɗauka ya juya shi.

"Har ƙasar waje ka je ka sayo abin da ke zube a kasuwar Funtua? Me zan kulle da wannan, akurkin kaji?"

"Ba naka ba ne, Yaya, nawa ne," na ce. "Gobe zan shiga ƙarƙashin inji in canza bel. Ka san ni da tsoro. Tun da na ga yadda suke yi a can, wallahi ba zan iya sake shiga ba sai an datse makunni. Can makullin a aljihun mai shiga yake zama. Ni kuwa na fi yarda da aljihunka a kan nawa."

Ya sake juya kwaɗon a hannu. Sannan ya ce, "Raggo. Tun kana yaro haka kake." Ya jefa kwaɗon a aljihu.

Da safe na huda marfin makunnin na yi masa wurin rataya. Da lokacin canza bel ya yi, Yaya Rabe ya kashe inji, ya datse, ya tsaya a wurin ya harɗe hannu kamar mai gadin banki. Ina kwance a ƙasan inji na ji takun Alhaji, na ji yana faɗa, wai ga motoci na jira, a kunna ɗaya ɓangaren mana, ai bel ɗin gefe ne. Da ni ne a tsaye da tuni na kunna.

"Ƙanena na ciki, Alhaji," in ji Yaya Rabe. "Ba mai taɓa wannan sai ya fito."

Ban taɓa jin wani ya yi wa Alhaji magana haka ba. Sai na ji takun ya koma ofis. Da na fito, Yaya bai miƙo min kwaɗon ba, ni ma ban tambaya ba. Daga nan duk wanda zai shiga inji sai ya je ya ce, "Baba Rabe, a kulle min," tun ana yi da wasa ana kwaikwayon muryata har ya zama ba a shiga sai an yi.

Kada ku ɗauka mun zama Kandi. Na gwada tara mutane da safe don kowa ya faɗi abin da ya kusa samunsa, aka yi addu'a, na buɗe baki, kafin in kai aya rabinsu sun watse suna neman tsari. Alhaji har gobe in inji ya tsaya sai ya leƙo ta taga. Kuma abin da ya fi damuna bai canza ba: Yaya yana kulle wa kowa, amma shi in ta cushe masa, hannu yake zurawa yadda ya saba. Na koma gwangwanin giris ɗina.

Ran nan, wajen ƙarshen kaka, Alhaji ya aike ni bayan kamfani in duba famfon rijiya. Wata mota ta kawo auduga daga wajen Maska wadda tun a ido na ga tana da danshi, na tafi raina bai so ba. Ina tsugune hannuna cikin laka, sai na ji muryar inji ta sauya. Na miƙe. Kafin in yi taku biyu, ɗif, ya yi shiru. Na kasa kunne ko mai ne. Janareto na nan yana ta ƙuginsa lafiya lau.

Ban san yadda na tsallake tarin angurya ba. Takalmina ɗaya ya fita, ban waiwaya ba. Ina gudu ina kiran sunan Allah, ina ganin fuskar matarsa, ina tunanin da wane baki zan gaya mata. Na faɗa ɗakin gurza.

Jan kwaɗon na rataye a makunni, a datse. Yaya Rabe ya naɗe hannun riga har kafaɗa, tabon bara a fili, ya zura hannu har gwiwa cikin zartunan da ke tsaye cak, yana zaro jiƙaƙƙiyar auduga yana yarwa. Ma'aikata biyu na gefe suna kallo. Bai ko juyo ba.

"Wa ya mutu kake gudu haka?"

Na zauna a kan dilar auduga, ƙafa ɗaya ba takalmi, hawaye na zuba, ban kuma damu da wanda ya gani ba.

"Danshi ne ya yi mata yawa," ya ce, kamar wani ya tambaye shi dalili. "Tashi ka miƙo min sifana, kada Alhaji ya ce hira muke."

Na tashi na ɗauko. Ya miƙo hannun dama ya karɓa, na tsaya ina kallon yatsun nan har sai da ya ce in matsa in ba shi haske.